Tsinken da Ba a Soka Ba

Ranar Arfa da hantsi obin ɗin Hajiya ya ƙi aiki. Obin ne na lantarki, irin wanda ake ginawa cikin bangon kicin, Alhaji ya sayo shi daga Dubai. An riga an jiƙa kaji da kayan ƙamshi tun asuba, ga ƙullun kek yana jira, gobe Sallah, baƙi kuma ba sa jin uzuri. Fitilar ciki tana kamawa, agogo yana tafiya, amma duk maɓallin da ta danna sai ya yi ɗan kuka ya rubuta kalma ɗaya a allonsa: Prob. Zafi kuwa ko alama.

Ta buga waya shagon Malam mai gyara a Sabon Gari. Malam yana fama da wata firiza da mai ita ya tsaya a kansa, sai ya tura babban yaronsa, saurayi mai kaifin kai da saurin hannu, wanda ake shirin yaye shi bayan Sallah.

Yaro ya yi sallama, ya gaida Hajiya, ya dubi allon. Bai tambayi kowa komai ba. Ya kashe wuta, ya kwance notuna, ya zaro obin ɗin daga bango, ya buɗe bayansa. Ya ɗora mitarsa a kan ma'aunin zafin da ke manne a bangon baya, ta nuna kusan om 1,100. Haka aka koya masa, kuma haka ne: lafiyayyen ma'auni a yawancin irin waɗannan injuna kusan nan yake tsayawa idan obin yana sanyi. Sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa.

"Hajiya, ma'aunin lafiyarsa ƙalau. Fanel ne ya ƙone. Kin dai san halin wutar nan tamu."

Babu maganar da mai gida ke saurin yarda da ita a Kano kamar wannan, don sau da yawa gaskiya ce. Wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, ta tafi da talabijin ko firiji. Kowa ya taɓa gani. Shi ya sa ta zama mafakar mai gyaran da ya gaji da bincike. Hajiya ta yi salati. Yaro ya ce sai an aiko da fanel daga kasuwar Alaba a Legas, kuma ba zai iso ba sai bayan hutun Sallah. Ta ƙirga masa kuɗin kafin alƙalami masu kauri, ya soke a aljihu ya fita.

A shago ya nemi lambar mutuminsu na Legas. Malam bai ɗago daga firizar ba.

"Me ya rubuta?"

"Prob, Baba."

"Yaushe rabon ya yi aiki daidai?"

Yaro ya yi shiru.

"Me aka yi masa tsakanin ranar da yau? Wa ya taɓa shi na ƙarshe? Tsinken yana jiki ko yana waje?"

"Wane tsinke, Baba?"

Nan Malam ya ajiye sifana. "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tare mana Adaidaita."

A hanya ya yi masa karatun. Obin irin wannan ma'auni biyu gare shi. Na bangon baya yana auna zafin iskar da ke ciki, kuma turjiyarsa ga wuta ƙaruwa take yi idan ya yi zafi. Na biyun shi ne tsinken ƙarfe mai doguwar waya da ake sokawa cikin nama. A tsininsa akwai ɗan ƙwayar abu wanda turjiyarsa raguwa take yi da zafi. Ɗaya bakin wayar yana da kai irin na lasifikar amfilifaya, ana cusa shi a wani ɗan soket da ke bangon obin daga ciki, can sama. Fanel ba shi da ido. Yana tura 'yar wuta kaɗan zuwa soket ɗin ya saurari abin da zai dawo. In babu abin da ya wuce, ya san babu tsinke. In wani abu ya wuce, sai ya ɗauka an soka tsinke, ya tsaya jiran a gaya masa zafin da ake so naman ya kai, ko kuma ya ga lissafin ya kauce wa hankali ya rubuta kuskure. Kowane kamfani da irin rubutunsa, wasu kalma, wasu harafin F da lamba, shi ya sa ake duba littafin da ya zo da injin.

"To in babu tsinke a jiki, kuma ya ce akwai?" in ji Malam.

"Wani abu ne ya haɗa bakin soket ɗin."

"Kamar me?"

Yaro ya sosa ƙeya. "Maiƙo. Ko ruwa."

Suka tarar da Hajiya a kicin, ga azumi ga ɓacin rai. Malam ya gaishe ta a natse, ya tambayi Alhaji da yara, sannan ya maimaita tambayoyin da ya yi wa yaronsa. Shekaranjiya an gasa dankali, lafiya lau. Jiya ba a kunna shi ba, ana sharar Sallah. Tsinke kuwa, sai da aka bincika durowa uku kafin a same shi, yana cikin ledarsa tare da littafin, ba a taɓa buɗewa ba.

A bakin ƙofa akwai yarinyar da ke taya Hajiya aiki, ta raɓe tana murza gefen hijabinta. Tun zuwan yaro na farko tana nan, ba wanda ya dube ta. Malam ya sassauta murya.

"'Yata, ke kika wanke shi jiya? Kai, ya yi fes. Da me kika wanke?"

"Da ruwan sabulu, Baba. Da soso."

"Wannan ɗan ramin na sama fa?"

"Na ga ya yi baƙi ne, sai na matse soson a ciki." Muryarta ta fara rawa.

Hajiya ta buɗe baki, Malam ya riga ta. "Ranki ya daɗe, wa ya taɓa gaya mata ramin nan na wuta ne? Ita tsabta aka sa ta, ta kuwa yi. Da ta ɓoye mana, da yanzu muna kan hanyar Legas." Hajiya ta haɗiye maganarta, don ita ma sai yau ta san da ramin.

Ya tabbatar an kashe wutar obin daga babban akwatin wutar gidan. Ya karɓi audugar goge kunne, ya tsoma a sifirit, ya juya ta cikin soket ɗin; ta fito ruwan ƙasa, sabulu da tsohon maiƙo sun cakuɗe. Ya yi ta canza auduga har ta fito fara. Aka kawo diraya ta gashi ya hura iska mai ɗumi, aka jira, aka mayar da wuta.

Prob.

Fuskar yaro ta ɗan washe, ya kasa ɓoyewa. Malam ya gani, bai ce komai ba. Ya sake kashe wuta, ya zagaya bayan obin ɗin da yaron ya riga ya zaro, ya bi siririyar wayar da ta taso daga soket har inda ta shiga fanel, ya cire ta. Da aka kunna, rubutun ya ɓace, ba a jima ba zafi ya fara tasowa.

"Ka gani? Da fanel ne mai laifi, da ya ci gaba da kukansa ko an raba shi da wayar. Ciwon yana tsakanin soket da wannan bakin."

Haka kuwa aka samu. Ruwan ya zarce ta bayan soket ya jiƙa audugar gilashin da ke tsare zafi, ya kwanta a kan mahaɗin wayoyin. Suka goge, suka busar ta baya, Malam ya duba ko wayar ta maƙale ko ta narke a wani wuri, bai ga komai ba. Ya mayar da ita, obin ya tashi lafiya.

Bai tsaya nan ba, tun da tsinken ya fito daga leda sai ya gwada shi. Da yawa daga cikin irinsa suna nuna kusan om 50,000 a zafin digiri 25. Wannan ya nuna dubu talatin da 'yan kai, yaro ya ce ya lalace. Malam ya yi dariya ya tambaye shi ko kicin ɗin Kano a wannan wata ya yi masa kama da digiri 25. A ƙasashen sanyi mai gyara damƙe tsinin yake yi a hannu ya ga lamba ta sauka. A nan hannu da ɗaki kusan zafinsu ɗaya. Sai ya tsoma tsinin kawai a ruwan ƙanƙara, lamba ta haura dubu ɗari. Ya tsoma a ruwan zafi, ta gangaro zuwa 'yan dubbai, a hankali ba tare da tsalle ba. Da ta tsaya a sifili, ko ta ƙi nuna komai, da tsinken ya mutu.

Ya kira yarinyar kusa, ya yi musu bayani ita da Hajiya tare. Ba a nutsa wayar a ruwa, tsinin kawai ake gogewa. Ba a fizge tsinken ta waya, ba a bari ƙofa ta datse ta. Ba a barinsa ciki idan za a kunna wutar sama ta gashi, balle wankin kai da obin ke yi da zafin da ke kusan digiri 500. A soka shi inda tsoka ta fi kauri, kada tsinin ya taɓa ƙashi ko ya zauna cikin kitse, in ba haka ba zai ba da labarin ƙarya. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74. Cinyar rago ta jibi tana isa ci daga 63 in aka bar ta ta huta minti uku, amma ya san mutanen gidan ba za su ci nama mai ja a ciki ba, don haka ta sa 75.

Yaro ya mayar da obin cikin bango ya ɗaure notuna. Malam ya faɗi kuɗin aikinsa, kaɗan ne, sannan ya dubi yaron.

"Ba Hajiya kuɗinta."

Yaro ya zaro ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, zufa ta keto masa. A hanyar komawa shago ɗazu ya biya ta wurin tela ya karɓo ɗinkin Sallarsa. Malam ya laluba aljihunsa ya cike gurbin, ya miƙa wa yaron, ya sa shi ya ba Hajiya da hannu biyu.

A waje, suna jiran abin hawa, yaro ya ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Na haƙura. Amma goron Sallarka na bana, ka riga ka ɗinka shi. Ɗauko jakar, mai firiza yana jiranmu."