Kaka Kirista, jika Musulmi: me ta ke bin sa?

Mai karatu, tun daga 'Turmin Danya' a 1990 zuwa yau, akwai tambayar da ban ga fim ɗin Hausa ya yi ba: idan tsohuwar da ta goye ka ta rasu a kan addinin da ba naka ba, me ta ke bin ka?

Kada ka ce tatsuniya ce. Je ka ƙauyukan Warjawa da Maguzawa na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kusa da iyakar Bauchi. Akwai gidajen da kaka ke tafiya coci ran Lahadi, jikoki kuwa sai masallaci. Abin ba na jiya ba ne: an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, cocin ECWA kuma ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954.

Na san irin wannan tsohuwar a wani ƙauye na Gwaram. 'Yar Zumuntar Mata ce, ba ta kai loma baki sai ta yi addu'a. Ɗan ta ya musulunta, matar sa ta rasu wajen haihuwa, sai ta karɓi yaran. Ita ke dama kunun sahur ta tashe su, ita ke kora su makarantar allo. Da ɓarin jikin mijin ta ya shanye, shekaru ta yi ta na juya shi, ta na wanke shi.

Da ta rasu, jikokin su ka rabu biyu. Wasu su ka daina zancen ta, kamar abin kunya. Wasu na cewa, "Ai a zuci Musulma ce." A gani na duk ba a yi mata adalci ba. Na farko butulci ne, na biyu ƙarya. Ita da bakin ta ta ke cewa don Yesu ta ke yi. In ka cire mata wannan, to wata matar ka ke yabo.

Za ka ce, to ai akwai hani. Haka ne: bisa aya ta 113 a Suratut Tauba, malamai sun ce ba a nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara. Ban zo ja da wannan ba. Amma hanin bai shafi faɗin alheri ba. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta umarci ɗa da kyautata wa iyaye ko da addini ya raba su. Buhari ma ya ruwaito cewa Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyar ta da ba ta musulunta ba, ya ce ta sada zumunci da ita.

Ashe ke nan jika na da abin biya. Ya ba 'ya'yan sa labarin ta yadda ta ke, har da cocin ta. Ya riƙa leƙa dangin ta, tunda zumunci a ƙafa ya ke. Ya kuma yi wa wani tsoho jinyar da ya ga ta yi.

Ku kuma 'yan fim da marubuta, galibi Kirista a labaran ku ko dai baƙo ne mai gurguwar Hausa, ko wanda zai musulunta kafin a tashi. Ku rubuta mana wannan kakar, mai Hausar da ta fi taku, kuma ku bar ta da addinin ta har ƙarshen fim.