Magana a kan Takardar Sakamakon 'Yan Makaranta

Ya kai mai karatu, ko kai uba ne ko malami, wannan magana taka ce. Sau uku a shekara, a ƙarshen kowane zangon karatu, yara su kan fito daga makarantun Balan da na sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, kowane da 'yar takarda a hannu. Ita ce a ke kira takardar sakamako. A cikinta an rubuta makin da yaro ya samu a kowane darasi, da matsayinsa cikin 'yan ajinsu, da yawan kwanakin da ya zo makaranta. Daga ƙasa kuma ga kalmomi kaɗan na malamin aji da na hedimasta. Takarda ce ƙarama, iska ma ta iya ɗauke ta, amma sabili da ita a kan doki yaro, a kan ci mutuncin malami, wani lokaci kuma a kan fid da yarinya daga makaranta, ba ta ƙara komawa. Abin da ke da iko irin wannan ya isa mutum ya zauna ya yi tunani a kansa.

Mece ce wannan takarda?

A makarantar allo uba ba ya bukatar takarda, gama in ya so sanin inda ɗansa ya ke, sai ya kira shi da maraice ya ce ya biya allonsa, ya ji da kunnensa. Malam kuwa ba ya yarda a wanke allo sai yaro ya riƙe abin da ke kai. Karatun boko ya zo da wani hali dabam. Hanns Vischer, wanda Kanawa su ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, amma 'yan kaɗan ne suka shiga. Sai a 1976, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta shelanta karatun firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yawaita a ƙauyuka. Daga nan manomi ya iske kansa yana aika ɗansa koyon abin da shi kansa bai koya ba, cikin harshen da ba ya ji. Ba shi da hanyar aunawa, sai abin da malami ya gaya masa.

To, ka ga takardar nan shaida ce. Wanda ya gani ne ya ke ba da labari ga wanda bai gani ba. Kowa ya san nauyin shaida a gaban alƙali, ya kuma san dokar Allah ta hana shaidar zur. Alƙalamin malami a kan takardar sakamako yana ƙarƙashin wannan doka, ko da shi ke ba a rantsar da shi ba.

Zuwa gare ka, malam

Akwai ƙofofi da yawa da ƙarya ta kan bi ta shiga takarda, har malami bai lura ba. Ta fari ita ce kunya da tsoro. Ɗan mai unguwa ne, ko ɗan wanda ya aiko maka da damin gero da kaka, sai hannunka ya yi nauyi, ka ƙara masa maki goma domin kada a ji kunya. A makarantar kuɗi kuma mai makaranta ya kan ji tsoro uba ya ɗauke ɗansa, kuɗin zango su tafi tare da shi. Ka tuna fa matsayi cikin aji kamar rabon tuwo ya ke a ƙwarya ɗaya: in ka ɗaga wannan zuwa na uku, lalle ka tura ɗan wani matalauci zuwa na huɗu, shi kuwa ba shi da mai yi masa magana.

Ta biyu ita ce ragwanci. Manufar ilmi ta ƙasa, wadda aka fitar a 1977, ta shimfiɗa cewa kada a auna yaro da jarrabawar rana ɗaya kaɗai, sai a haɗa da aikin da ya yi cikin zango duka. Saboda haka a makarantu da yawa a kan ware maki 30 ko 40 cikin 100 domin aikin aji. Nufin mai kyau ne ƙwarai. Amma idan malami bai ba da aikin ba, ko ya bayar bai duba ba, sa'an nan a daren ƙarshe ya zauna ya cika gurabe da lambobi daga kansa, wannan shaida ce a kan abin da bai gani ba. Hakanan wanda ya rubuta wa yara hamsin kalma guda da Turanci, wadda ma'anarta a ƙara ƙoƙari, bai faɗi ƙarya ba, amma bai faɗi komi ba. Mun san aji ya cika maƙil, aikin kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Duk da haka layi guda na gaskiya ba ya ɗaukar lokaci mai yawa. Ka rubuta da Hausa, yadda uwa za ta gane in an karanta mata: ya iya tarawa da ɗebewa, bai iya rabawa ba tukuna; ko kuwa, ta rasa kwana 20 a zangon nan, shi ya sa karatunta ya koma baya.

Ta uku ita ce fushi. Yaro ya dame ka shekara guda, sai ka rama da alƙalami, ka rubuta daƙiƙi ne, ba zai yi abin kirki ba. Wa ya nuna maka gobensa? Aikinsa na wata uku ka gani, a kansa kaɗai a ke neman shaidarka. Mai shaida ba ya yanke hukunci, balle ya yi duba.

Ya yiwu ka ce, ƙarin maki goma wa zai cuta? Mutanen Gaya sun san ƙira tun zamanin da, har labarin da aka gada ya ce maƙeransu, Abagayawa, su ne suka tafi Dala neman tama. Ka tambayi maƙeri abin da ke faruwa in ya sayar da garma mai tsaga a ɓoye. A kasuwa ba mai gani, amma ranar huɗa ta kan karye a tsakiyar gona, sa'ad da ruwa ya riga ya sauka, ba kuwa lokacin neman wata. Takardar ƙarya tana da ranarta hakanan. Gwamnatin Jihar Kano ta saba yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare jarrabawar tantancewa kafin ta biya wa waɗanda suka ci kuɗin jarrabawar fita. Bayan wannan ga hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda aka kafa a 1999, mazauninta a Minna. Masu duba takardunsu ba su san uban kowa ba. Daga A1 zuwa F9 su ke aunawa, mai neman jami'a kuwa sai ya samu C6 ko abin da ya fi a darussa biyar, har da Turanci. Yaron da aka yi ta gaya masa shekara da shekaru ya iya, a ranar nan ya ke jin gaskiya, ba a fafe gora kuwa ranar tafiya. A nan ne waɗansu su kan faɗa satar amsa, wadda dokar ƙasa ta 1999 ta sa mata tara da ɗauri. Ashe ƙaramar ƙarya ta aji huɗu ita ta haifi babbar.

Tambaya mai wuya

Amma akwai wata tambaya wadda ba ta da sauƙi, kada mu yi kamar ba mu san ta ba. Malami ya san wani uba mai zafin hannu ne, in ya ga jan alƙalami zai yi wa yaro dukan kawo wuƙa. Ko kuwa ya san in yarinyar nan ta faɗi, za a ce karatu ba rabonta ba ne, a ɗora mata farantin talla. Ashe ba tausayi ba ne ya gyara lambar?

Tsoron nan yana da tushe. A ƙasar Malawi wata mai bincike, Rebecca Dizon-Ross, ta tambayi iyaye yadda su ke tsammani 'ya'yansu suna yi a makaranta, ta tarar zaton da yawansu ya yi nisa da gaskiya, tun ba waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba. Aka kai musu sakamakon a fili, aka bayyana musu. Abin da ta samu, wanda aka buga a 2019, kashi biyu ne. Iyaye suka fara zaɓa wa yara littattafan aiki daidai da ƙarfinsu, wannan alheri ne. Amma kuma yara masu ƙoƙari suka fi daɗewa a makaranta, masu rauni suka fi barinta. Watau gaskiya in ta shiga gida ta kan motsa abubuwa, ba kullum zuwa inda malami ya ke so ba.

Duk da haka gyaran lamba ba magani ba ne, gama yana jinkirta ciwo ne kawai, yana kuma hana yaro taimakon da ya ke bukata yau. Tausayi na gaskiya ya fi wannan tsada. Ka bar lambar yadda ta ke, ka taka da ƙafarka zuwa zauren uban, ko ka kira shi, ko ka tafi da wani dattijo wanda ya ke jin nauyinsa. Ka faɗa masa gaskiya dukanta, gama lamba rabin gaskiya ce. Sauran rabin shi ne yaron ya tashi daga maki 20 zuwa 35, ba ya ƙarya, ba ya faɗa, makonnin da ya rasa kuwa na noman fari ne, sa'ad da uban kansa ya riƙe shi a gona. Mai shaida nagari ba ya ɓoye abin da ke kan mutum, ba ya kuma ɓoye abin da ke gare shi.

Zuwa gare ka, uba

Yanzu ka ji naka rabo, gama ya fi na malami nauyi. Yawancin ƙaryar da a ke rubutawa, iyaye ne su ke sayenta. In duk ranar da aka kawo maka labari marar daɗi ka ɗauki bulala, ɗanka zai koyi ɓoye takarda, ko kankare lamba, ko ya ce malam bai bayar ba. In ka tafi makaranta kana ɗaga murya, kana cewa malam ya tsani ɗanka, zango mai zuwa za a rubuta maka abin da ka ke so ka ji, a rabu da kai lafiya. Wanda ya hori mai kawo masa gaskiya, ya sa a riƙa kawo masa ƙarya har tsufansa.

Ga abin da ya kamace ka. In ba ka iya karatu ba, ka nemi amintacce ya karanta maka takardar duka, tun daga sama har ƙasa, kada ka tsaya ga tambayar na nawa ya zo. Matsayi yana gwada yaro da 'yan ajinsu ne kawai, na ɗaya cikin ajin da ba wanda ya iya karatu bai iya karatu ba. A 2011 an gwada 'yan aji uku na firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato, aka tarar fiye da rabinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta ɗan gajeren labari na Hausa ba, ga shi kuwa sun riga sun wuce aji ɗaya da aji biyu. Don haka ka koma ga dabarar kakanninka. Ka ba yaro littafi ya karanta da ƙarfi a gabanka. Ko ba ka san baƙi ba, kunnenka zai rarrabe mai karatu da mai lalube. Ka ba shi lissafin kuɗin gyaɗa ko na wake da ka sayar, ka ga ko zai fid da shi.

Ka dubi gurbin kwanaki kafin ka dubi gurbin maki. In ka iske ya rasa kwana 30, ka tambayi kanka ina ya ke a kwanakin nan. In a gonarka ya ke, ko a bayan awakinka, in kuma yarinya ce tana talla domin uwarta, to, takardar tana ba da shaida a kan gidanka duka. Ba adalci ba ne ƙaramin cikinku ya ɗauki dukan shi kaɗai.

Kada ka kira maƙwabta ka kunyata shi, kada kuma ka gwada shi da ƙanensa a gaban mutane, gama wannan ya kan shuka ƙiyayya tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, balle 'yan uba. Tsautawa tana da wurinta in ragwanci ne ya jawo faɗuwa, amma ka fara bincike: ko yunwa ce, ko ba ya ganin allo daga baya, ko ba shi da littafi. In kuwa sakamako ya yi kyau, ka yi murna, ka yaba masa a kan aikin da ya yi, kada ka mai da shi abin fahariya a dandali. Sa'an nan ka tafi wurin malami da sallama, ka ce, Malam, na ga takarda, na gode. Me zan yi a gida? In kana zaton an yi kuskure, ka roƙa a nuna maka takardun jarrabawar, malamin kirki ba zai ƙi ba. Kyautarka kuwa, in za ka yi, ka bari sai bayan sakamako ya fito, domin kada ta zama toshi.

Ƙarshen magana

Ɗan'uwa, ɗanka amana ne a hannun mutum biyu, kai da malaminsa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukan jinka. Aikin malami ya rubuta abin da ya gani, ba ƙari ba ragi, da kalmomin da za su yi amfani. Aikinka ka karɓa da zuciya wadda za ta sa ya yi ƙarfin halin sake rubuta gaskiya a zango mai zuwa. Yaro yana tsaye tsakaninku yana kallo. Zai manta da makin da ya samu a aji huɗu, amma ba zai manta da abin da manya suka yi da gaskiya ranar da ta zo da ɗaci ba, hakanan kuma zai yi da ita sa'ad da ya zama magidanci. Allah ya ba malamai tsoronsa a kan alƙalami, ya ba iyaye haƙuri da adalci a cikin gida.