"Tafi Gidanku": Saki Ne ko Fushi?

Miji ya fusata ya ce wa matarsa "tafi gidanku", ta kwashe kayanta, washegari iyaye suna gaban alƙali suna tambaya ko igiya ta tsinke. Fiƙihun Malikiyya ya raba lafazin saki gida biyu: sarihi, wanda ba ya jiran niyya, da kinaya, wadda wata a fili take, wata kuwa sai an tambayi mai maganar abin da ya nufa. Sai dai misalan da ke cikin littattafan na Larabawa ne. Balarabe kan ce wa mace igiyarta na kan tozonta, kamar raƙumar da aka sako ta tafi kiwo, malamai kuma suka ƙirga wannan saki uku ga wadda aka tare da ita. Wane Bahaushe ne ke magana haka?

Malaman Yahudawa sun riga mu shan wannan kan. Littafinsu Mishna, wanda Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ya buɗe babin bakance da kalmomin da suke kira "kinuyim", tushe ɗaya da kinaya. Mutane na tsoron furta "korban", wato hadaya, sai su lanƙwasa ta su ce "konam". Hukuncin da aka yanke shi ne bakancen ya hau kansu. Daga baya Rabbi Yohanan ya ce kalmomin aro ne daga baƙin harsuna, Resh Lakish ya ce malamai ne suka ƙirƙiro su, amma ƙa'idar da ta zauna ita ce a bakance ana bin yadda jama'a ke magana.

Ƙarafi, Bamalikin Masar da ya rasu a 1285, nan ya tsaya shi ma: lafazin da al'ada ta ba shi ma'ana, in al'adar ta sauya hukunci ya sauya, kuma mufti ya fara tambayar al'adar garin mai tambaya. A Suleja, inda Bahaushe da Gwari da Koro da Bayarabe ke auratayya da Hausa iri-iri a baki, wannan wajibi ne. Za a ce an buɗe wa maza ƙofar zillewa, kowa ya saki ya ce ba haka ya nufa ba. Tsoron yana da hujja, amma al'ada ta gari ce, miji ba ya ƙera ta a gaban alƙali. Dattawan unguwa sun san abin da "na haƙura da ke" ke nufi a bakin mutanensu. Alƙali ya kira su ya ji kafin ya buɗe Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya.