Iska ta Allah ce, awo kuma na bawa

Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba mu san teku ba, amma magabatanmu sun san ta. Kafin zuwan jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa kan taka da ƙafa su ratsa Borno da Chadi da Sudan har Sawakin, daga nan su hau ƙananan jiragen da iska ke turawa zuwa Jidda. A kan waɗannan jirage nake gina fahimtata game da tawakkali.

Matuƙin irin wannan jirgi ba ya ɗaura ƙyalle yadda ya ga dama. Sai ya daidaita faɗin ƙyallen da tsawon sandar da ke riƙe shi, ya duba girman jirgi da nauyin kaya. Ƙyalle ya yi kaɗan, jirgi ba zai motsa ba. Ya yi yawa, guguwa ta kifar da shi. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna ƙyalle da shi ninki huɗu yake yi, shi ya sa matuƙi ke rage ƙyalle tun hadari na nesa.

Shin wannan lissafi raunin imani ne? Ni dai ina ganin ba haka ba ne. Annabi Nuhu, alaihis salam, umarni aka yi masa ya sassaƙa jirgi da hannunsa, alhali Allah mai iko ne ya tserar da shi ba tare da katako ba. Haka manomin masara a Sabuwa yake zaɓar iri, ya auna taki, sannan ya roƙi ruwa. Wanda ya bar awo yana kiran hakan tawakkali, sakaci ya yi da amanar rayukan da ya ɗauka.