Kyamara Ba Ta Sallama

A ce malamin Turanci a wata sakandare da ke Wurno ya raba 'yan aji biyar rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya ari waya mai kyamara ya haɗo bidiyon minti 5 da Turanci a kan wani abu na garinsu. Wasu za su nufi hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Wasu su gangara fadama wurin manoman albasa da tafarnuwa. Da a Rabah ne, da an sami masu neman dattijon da zai ba su labarin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen garin. A Goronyo kuwa ga madatsar ruwa a kan Gulbin Rima da masuntanta.

Dabarar tana da kyau. Mu da muka yi sakandare a ƙasar nan mun san yadda ake cin Turanci ba a buɗe baki ba, domin hatta ɓangaren furuci na jarrabawar WAEC a kan takarda ake amsa shi. Amma yaron da zai tsaya gaban kyamara dole ya tsara tambayoyinsa, ya fassara amsar da aka ba shi, ya ji muryarsa, ya gyara, ya sake. Turancin ya zama abin aiki a hannunsa, garinsu kuma ya zama littafin karatu.

To, manomin da aka ɗauka fa? Fuskarsa da muryarsa da ke cikin wayar nan, na wa ne?

Mun tashi mun tarar ba a shiga gidan mutum sai da sallama. In aka yi sau uku ba a amsa ba, sai a juya, ba fushi. Zaure ma don haka aka gina shi: baƙo ya tsaya nan, mai gida ya zaɓi abin da zai fito da shi. Ita kyamara ba ta san zaure ba. An saita ta a kan bakin mai magana, amma ta kwaso har da abin da ke bayansa: buhunan albasa nawa aka jibge, shanu nawa ke turke, ina ƙofar gida take kallo.

A wani wuri wannan ƙaramar magana ce. A gabashin Sakkwato ba haka ba. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40. Kowa a yankin ya san masu satar mutane don kuɗin fansa da infoma suke aiki, masu gaya musu wane ne ya sayar da amfanin gona, wane ne ke da dabbobi. Bidiyon da yaro ya ɗauka da zuciya ɗaya don neman maki yana iya yin aikin infoma, yaron bai sani ba.

Mu masu rubuta manhaja mun san abin da ya sa. Kwafar fayil ba ta cin ko sisi, kuma kwafin bai bambanta da na asali ba. Da an tura shi ta WhatsApp ko Xender, ya bar hannun mai shi. Goge naka ba ya goge na wanda ya adana. Wayoyi da yawa ma suna rubuta wurin da aka yi ɗaukar a cikin fayil ɗin idan ba a kashe wannan saitin ba. Magabata sun ce magana zarar bunu ce. Bidiyo ya fi ta, don ita maganar akan manta da ita.

Akwai amana ta biyu, ta harshe. Dattijon da Hausa ya yi magana, yara suka juya ta Turanci. Ba shi da hanyar sanin ko abin da aka rubuta a ƙasan hotonsa shi ne abin da ya faɗa. Idan ya ce "mun gode Allah" aka fassara shi a matsayin mai kukan talauci don bidiyon ya fi taɓa zuciya, an ci amanarsa ko da an sami maki cikakke.

Ta uku ta ɗaliban ce da kansu. Yarinyar da ba ta son fuskarta ta zaga gari, ko iyayenta ba sa so, za ta iya cewa a'a alhali makinta na hannun malami? Yardar da aka bayar don tsoron faɗuwa ba yarda ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, amma tarbiyyarmu ta riga dokar.

Wani zai ce to a haƙura da kyamarar mana. Mu ba mu ga haka ba. Waya ta riga ta shiga hannun yaran nan, kuma ɗauka suke yi ko da malami ko babu. Aji ne kaɗai wurin da babba zai tsaya a kansu ya koya musu yadda ake yi.

Saboda haka darasin farko ya kasance sallama. Kafin a danna komai, a gaya wa mutum da Hausa wa zai kalla, kuma ina za a ajiye. A tsayar da shi inda ba a ganin dukiyarsa. In an gama, a koma a nuna masa, a mayar masa da Turancin zuwa Hausa jimla-jimla. Abin da ya ce a cire, a cire. Wadda ba ta son fitowa ta riƙe kyamara ko ta rubuta fassara, makinta ɗaya da na kowa. A kalli bidiyon a aji a kwamfutar malami, kada ya fita.

Rukunin da dattijo ya ce musu a'a, suka yi godiya suka juyo hannu wofi, su rubuto yadda aka yi da Turanci. Da mu ne malamin, da ba mu rage musu ko maki ɗaya ba.