WANE NE BABBA A FILIN WASA?

Mai karatu, ni ba ma'abociyar ƙwallo ba ce, amma ƙanena ba ya rabuwa da gidan kallo, a bakinsa na tsinci zancen da ya tsaya mini a rai.

A shekarar 2020 da annobar korona ta kulle mutane a gida, an dakatar da gasar Firimiya ta Ingila a watan Maris, aka dawo da ita ranar 17 ga Yuni ba ɗan kallo ko ɗaya. Har ihun jama'a da aka naɗa tun da can aka riƙa sakawa a talabijin don kada shirun ya yi yawa. Wannan ban ga laifinsa ba, rai ya fi kallo.

Inda gizo ke saƙar shi ne watan Nuwamba na shekarar, da aka sake kulle Ingila mako huɗu. Hukuma ta ce wasan “manya” ya ci gaba, na sauran jama'a ya tsaya. To wane ne babba? Sai ga makarantun horar da yara maza na manyan kulob-kulob a buɗe, na 'yan mata kuwa an rufe, wai ba su kai ba.

Hujjarsu ita ce, ɓangaren matan ba shi da halin cika sharuɗɗan kariya, irin su likitoci da kula da lafiyar 'yan wasa. Na yarda cuta ba a wasa da ita, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma fisabilillahi, wa ya hana su kuɗin tun farko? Ka ciyar da ɗa ɗaya ka bar ɗaya da yunwa, ranar awo kuma ka ce ramammen bai cancanta ba?

Yarinyar nan gumi ɗaya take yi da ɗan'uwanta. Ashe ba ƙwazonta aka auna ba, aljihun masu riƙonta aka leƙa. Ni kam da ake biyan mai buga littafi da kuɗin adashina, na san zafin a ce da kai ba ka kai ba.

In tsanani ya zo dole a zaɓa, wannan gaskiya ne. Sai dai mai zaɓen ya faɗi sunan ma'auninsa, in kuɗi ne ya ce kuɗi ne, kada ya laƙaba masa girma. Hausawa dai sun ce laifin babba rowa.

Allah Ya sa mu yi adalci ko a wajen wasa, amin.