Ƙasusuwan Nan Na Wane Ne?

'Yan'uwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, mutanen Khartoum da yawa sun binne matattunsu a tsakar gida ko a filin makaranta, gama harbi ya hana zuwa maƙabarta. A 2024 wutar ta kai Sinja da Dinder, masu gudu suka kwararo Hawata da sauran garuruwan Gadarif, waɗansu ba su san inda nasu suka faɗi ba. A 2025 likitocin binciken gawa na Khartoum suka fara tone irin waɗannan kaburbura suna mai da gawawwakin maƙabarta.

Wani zai ce, masu rai suna fama da yunwa, don me za a kashe kuɗi a kan ƙasusuwa? Ai Allah ya san nasa. Gaskiya ne, ya sani. Amma uwar da ke jira ba ta sani ba. Matar da ba ta ga gawa ba kuwa, ita ba gwauruwa ba, ita ba matar aure ba.

Ƙashi yana ba da shaida. Na ƙugu yakan nuna namiji ne ko mace, haƙora su nuna shekaru, na cinya ya nuna tsayi. Ana kuma ciro alamar gādo da ake kira DNA daga haƙori, a gwada da jinin dangi. Da haka aka gane kusan 7,000 cikin kimanin 8,000 da aka kashe a Srebrenica ta ƙasar Bosniya a 1995.

Ku tuna da Rizfa, wadda ta yi ta korar tsuntsaye daga gawar 'ya'yanta har Sarki Dawuda ya sa aka tattara ƙasusuwan aka binne. Littafi Mai Tsarki bai kira ta mai ƙarancin bangaskiya ba.

Abu mai wuya shi ne, ƙashin da aka tono yana iya zama na wanda ya ƙone gidanka. Shi ma a nemo sunansa? I, gama cikin siffar Allah aka halicce shi, yana kuma da uwa. Shari'arsa tana hannun Ubangiji.

Saboda haka in ka binne baƙo, Kirista ko Musulmi, ka sa alama a wurin, ka rubuta ranar da irin tufafinsa, kada ka haɗa shi da wani a rami ɗaya in da hali. Wata rana danginsa za su zo suna tambaya.